Tsohuwar da Ba Ta Ƙarasa Labari

Daga Allah muke, kuma gare Shi muka nufa. Kakar mijina ta riga mu isa. Ta cika wata Laraba da hantsi, bayan an gama zuba dawa a rumbu, tana jingine da bangon ɗakinta, mazari a cinya, zaren ko tsinkewa bai yi ba.

Na so in yi shiru kamar yadda ake son matar jika ta yi: in daka, in ɗebo ruwa, in ce amin inda ake cewa amin. Abin da kunnena ya ji a zaman makokin nan shi ya hana ni.

Da maza suka dawo daga kai ta, limamin unguwarmu ya yi addu'a a ƙofar gida, mu mata muna ji daga ciki. Ya roƙa mata rahama, muka amsa. Ya roƙa mata sauƙin kwanciya, muka amsa. Sai ya ƙara da cewa Allah Ya yafe mata yawan zancen da ba shi da asali. Maza suka ce amin da ƙarfi. Har da mijina. Na san muryarsa ko cikin taro.

A cikin gida ma ba a bar ta ta huta ba. Wata maƙwabciyarmu ta miƙe ƙafa a kan tabarmar mamaciyar, ta ce, "Allah sarki, tsohuwa mai ban dariya. Ai ta daɗe da ruɗewa. Sai ta ɗauko labari, ta kai tsakiya, ta manta ƙarshen."

Wata ta karɓe, "Kuma labari ɗaya fa. Na tukunya. Yau tukunya, gobe tukunya."

Suka yi dariya ƙasa-ƙasa, suka goge ido da gefen zane, suka miƙa hannu cikin ƙwaryar gumba. Wadda ta fara maganar, shekarar da gobara ta cinye mata rumbu, Kaka ce ta zaunar da ita kusa da ita wuni bayan wuni, tana ba ta labari tana tura mata tuwo, har ta daina zancen faɗawa rijiya. Wannan ba ta tuna ba. Dariyar ta tuna.

Ba ta ruɗe ba. Ni na zauna da ita, ni na wanke mata kai, ni na san ba ta ruɗe ba. Har ranar da ta cika tana iya gaya maka wace akuya ce uwar wace akuya a unguwar nan.

'Yar ƙaramar mace ce, mai baƙin tafin hannu saboda shekarun da ta yi tana rini. Wurin zamanta gindin tsamiyar tsakar gida, da dutsen gurzar auduga a gabanta da taskira a gefe. Kowa ya san tatsuniya ta bayan cin tuwo ce, wanda ya yi ta da rana an ce zai ɓata a kasuwa. Ita da rana take yin tata, tsakiyar aiki, auduga na fita daga ƙarƙashin ƙarfe. In an tuna mata sai ta ce, "Tun ina budurwa nake yi, ban taɓa ɓata a kasuwar Bakori ba. Ku da ba ku yi, ga ku nan kun ɓace a cikin ɗakunanku." Ta ce bayan tuwo barci ke cin labari. Ita tana son mai sauraro idonsa biyu, hannunsa na aiki.

Ina amarya, an kawo ni daga Tsiga ban san kowa ba, ta kira ni in taya ta tsince angurya daga auduga. Ba ta tambaye ni komai ba, sai ta fara. Wai wani makiyayi ne ya tsinci ɗan maraƙi a daji, ya kusa mutuwa. Ya ɗauko shi a wuya, ya yi ta ɗura masa nono da ludayi, har ya zama bijimin da ake tsayawa kallo. Ran nan wani baƙo ya zo mashaya, ya duba tsagar kunnen, ya ce wannan nawa ne, shekarun baya ya ɓace mini. Kuma gaskiya ya faɗa.

Nan ta tsaya. Ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari.

Na ce, "Kaka, sai aka yi yaya?"

Ta ce, "Ke ce makiyayin. Ya za ki yi?"

"Ni ƙarshen nake son ji."

"Na gama nawa, 'yar Tsiga. Saura naki."

Haushi ya kama ni. Na tashi na kama daka. Amma bijimin nan ya bi ni turmi, ya bi ni rafi, ya bi ni har kan sallaya. Da na dawo mata da amsa, ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba. Ta dai kalle ni ta ce, "Ashe haka kike." Abin da matan nan suke kira mantuwa ke nan. Da gangan take ajiye labarin a hannunka, da zafinsa, ta koma kan audugarta.

Kuma ba ta yar da amsar kowa. Ajiye su take kamar yadda ake ajiye iri. Yaron da ta tambaya ya girma ya yi furfura, ita tana riƙe da abin da ya ce. Da haka ta san mutanen gidan nan fiye da yadda suka san kansu.

Na tukunyar da suke yi wa dariya, ga shi. Wata mace ce mai ginin tukwane ta gina tukunyar da ba ta taɓa gina irinta ba. Da ta fito daga gashi sai ta ga wata 'yar tsaga a gefe ɗaya, siririya kamar gashin kai, ba mai ganinta sai ita. In aka juya gefen nan baya ga harshen wuta, tukunyar za ta yi shekaru. In aka juya shi ga wuta, fashewa za ta yi. Sai 'yar'uwarta ta zo aro, za ta yi biki. In ta hana, ta yi rowa ga jininta. In ta faɗi tsagar, gari zai ɗauka cewa tukunyar banza ce. In ta bayar ta yi shiru, to.

Ranar da ta fara ba ni shi, ta ƙara da wani abu tana dariya. Ta ce surukina, wato ɗanta, baban mijina, wanda yanzu in ya yi gyaran murya gidan nan kaf ke nutsuwa, ta taɓa ba shi wannan labarin yana yaro ko wando bai fara sawa ba. Wai ya tura baki ya ce, "Ni ba na ba da ita. Mai son miya ta zo ta dafa a murhuna, ina kallo." Ta yi ta dariya har da tari. Ni ma na yi. Ban san zan nemi maganar nan wata rana kamar yadda ake neman ruwa ba.

Da liman kuwa sun daɗe suna ja. Kada a ce ta raina karatu. In ya buɗe littattafansa da azumi yana karanta wa maza labaran mutanen farko, ita ce ta farkon shimfiɗa buzu a bayan zana, kuma na sha ganin hawayenta. Ta dawo ta maimaita mana abin da ta ji, ba ta ƙara ko ɗigo, ba ta kuma tsaya a tsakiya. Ta ce wancan ba nata ba ne da za ta taɓa.

Wata rana da azumi ya shigo gaishe ta, ya tarar ta tara yara.

Ya ce, "Iya, da rana tsaka, da bakin azumi, ake shirya abin da bai faru ba?"

Ta ce, "Malam, kai kana ba su naka da ƙarshensa, su kakkaɓe riga su tashi. Nawa bin su yake har gona."

Ya ce, "To in yaro ya tafi gona da karkatacciyar amsa, wa zai miƙe masa ita? Ke ba ki cewa daidai, ba ki cewa kuskure."

Ban taɓa ganin an ƙure ta ba sai ranar. Ta sallami yaran, ba ta sake ba da labari ba har aka ga wata. Ta yi ta gurza tana ƙunƙuni. Ranar sallah ta aika masa da tuwo mafi kyau a gidan, ta kuma ce wa mai kaiwa kada ya gaishe shi.

Ban ce liman bai da hujja ba. Ya faɗa mata ido da ido, ta ji, ta ɗauka. Abin da ban yafe ba shi ne ya sake ɗauko ta ranar da aka rufe bakinta da ƙasa, a gaban mutanen da duk a cinyarta suka koyi tunani.

Yanzu in zo kan abin da ke tsakanina da ita.

Haihuwata ta fari mace ce. Kowa ya san abin da ke kan uwa game da 'yar fari. Ba ki kama sunanta. Ba ki ɗaukarta a gaban surukai sai in nono za ki ba ta, shi ma kina kallon wani wuri. In ta faɗi ba ke za ki ruga ba. In an yabe ta ki yi kamar ba ki ji ba. Haka uwata ta yi da yayana, haka aka yi da ita, ban kuma taɓa ganin laifin abin ba sai da ya zo kaina. Ina daka, tana kuka a tabarma, ƙirjina na zuba, surukata na zaune, ni kuwa idona na kan turmi.

Sai in ji muryar Kaka daga gindin tsamiya. "Ke 'yar Tsiga, hannuna ya sage. Zo ki karɓi wannan ƙunshin ki kai mini ɗaki. Ki nemo mini allurata kuma, kada ki fito sai kin gan ta."

Ƙunshin shi ne yarinyar. Allurar kuwa tana soke a ɗankwalinta, kowa na gani. Da haka na san ƙamshin wuyan abin da na haifa. A ɗakin tsohuwar nan, a ɓoye, kamar mai sata.

A ɗakin nan ne kuma na ga abin da ya hana ni sukuni har yau. Yarinyar ba ta son hayaƙi. In ɗanyen itace ya turnuƙe, ko ana sheƙar gero ƙaiƙayi ya tashi, sai ta bar wasa ta yi tsit. Ramin wuyanta ya riƙa shiga ciki. Wani ɗan sauti ya riƙa fita daga ƙirjinta kamar kukan tsako a cikin kwando. In ba a yi maza an fitar da ita iska ba, aka zaunar da ita a miƙe, leɓenta ya fara duhu. Ba ta kuka. Shi ne abin tsoron. Wanda bai sani ba cewa zai yi yarinya ce mai haƙuri.

Mu biyu muka sani. Kaka ta riƙa yi mata sirace, tana shafa mata man kaɗe mai ɗumi a ƙirji. Ta ce kada in gaya wa kowa. Ta ce in matan unguwar nan suka ji, kafin la'asar sun ce iska ce ta taɓa ta, a kira wanzami ya tsattsaga mata ƙirji, sunan kuma ya bi ta har gidan miji.

Ga kuma alkawari. Tun ina da ciki surukina ya ce in mace ce, ta yayar mijina ce. Ita tana aure a Musawa, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ba muguwa ba ce, kada wani ya ɗauka haka. Duk zuwanta sai ta zo wa yarinyar da wani abu, ta goya ta wuni guda tana mata waƙa. Amma sana'arta daddawa ce. Na taɓa zuwa gidanta. Tukwanen kalwa ba su sauka daga wuta, rumfar ta yi baƙi ƙirin, babba ma da hawaye yake fitowa. Can za a kai yarinyar da zarar an yaye ta.

Da lokacin yaye ya yi, Kaka ta ce a ɗakinta za a yi. Aka yi. Sai ta ƙi sakinta. In surukina ya tada maganar sai ta ce, "Ba ta gama yi mini hira ba." Shi kuwa ba ya iya tsallake maganar uwarsa. Duk sanda yayar mijina ta zo, Kaka ta zaunar da ita ta fara: wata mace ce mai ginin tukwane. Ita kuma ta yi dariya ta ce, "Kai, Kaka! Kin ba ni wannan bara, kin ba ni bara waccan."

"To ke ce mai tukunyar. Ya za ki yi?"

"Ni daddawa nake yi, ba tukwane ba," in ji ta, ta tashi ta goya yarinyar.

A kan wannan muka yi faɗa, ni da ita, faɗan da ba mu shirya ba har ta tafi. Damina ta ja baya, na ga ƙafafunta sun fara kumbura, na ga tana barin tuwo. Muna gurza na ce, "Kaka, ki faɗa musu a fili. Ke in kin faɗa za su ji. Ki kira Baba ki ce yarinyar nan ba ta zuwa Musawa, ga dalili."

Ta ce, "In ni na gaya masa, maganata ce. Ana binne ni za a binne ta. In shi ya gano da kansa, tasa ce, zai tsare ta."

"Shekara nawa kina ba su tukunya? Wa ya gano? Dariya suke miki!"

"Suna ji."

"Ba su ji! In kin mutu fa? Ni ina da bakin magana a gidan nan?"

Ta ɗago ta dube ni, ta shafa alli a yatsa. Ta ce, "Ke ce. Ya za ki yi?"

Na ajiye ƙarfen gurzar da ƙarfi har ya yi ƙara a kan dutse, na tashi. Ina jin ta tana cewa in dawo audugar ba ta ƙare ba. Na ci gaba da kai mata ruwa, na ci gaba da wanke mata kai, amma ban sake zama gindin tsamiyar ba. Ina fushi da ita ranar da ta cika. Ina fushi da ita yanzu da nake wannan magana. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa, ta tafi da ita kabari.

Ranar sadakar uku na ji surukina yana gaya wa yayar mijina cewa akwai fatake masu yin arewa bayan bakwai, ta bi su saboda hanya ba ta da kyau, ta tafi da yarinyar. Na sami mijina shi kaɗai na fara yi masa bayani. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce, "Maganar Baba ce. Ke kuma ina ruwanki da 'yar fari? Kada a ji wannan a bakinki, ki ja mini abin faɗa."

Ba zan iya tsayawa gaban surukina ba. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa haɗa ido da shi ba, gaisuwa ma daga durƙushe nake yi, a bayan zana. Ba zan iya cewa yayar mijina kada ta ɗauki abin da ubanta ya ba ta ba. Ba zan iya kiran yarinyar tawa ba. Duk ƙofar da na duba, kunya na zaune a bakinta.

Ranar bakwai da hantsi gida ya cika. Ana toya waina, ana ta shiga da fita. Surukina na zaune a bayan zanan turakarsa, ina ganin ƙafafunsa ta ƙasa. Yayar mijina na ɗaure kaya a ƙofar ɗakin mamaciyar. Yaran gidan da na maƙwabta sun taru gindin tsamiya, don ƙafarsu ta saba, suna zaune suna kallon dutsen gurza ba kowa a bayansa.

Na ajiye tulun da ke kaina. Na je na zauna a wurin. Na ɗora taskira a cinya. Na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Yaran suka amsa baki ɗaya, kafin su tuna ana makoki.

Surukata ta juyo daga bakin tanda. "Ke! Da rana? Ranar bakwai? Kanki ɗaya?"

Ban dube ta ba. Na ɗaga murya yadda za ta tsallake zana. Na ba su mai ginin tukwane, da tsagar da ba mai gani sai ita, da 'yar'uwar da ta zo aro. Na tsaya inda Kaka ke tsayawa. Na ce, "Ku ne masu tukunyar. Ya za ku yi?"

Ɗaya ya ce a liƙe da ƙasa. Ɗaya ta ce a ɓoye ta a ce ta ɓata. Mai na tsuwa a tanda.

Na ce, "Kaka ta gaya mini akwai wani yaro a gidan nan, da daɗewa, da ya ce shi ba ya ba da ita. Ya ce mai son miya ta zo ta dafa a murhunsa, yana kallo."

Ƙafafun da ke ƙarƙashin zana suka janye ciki.

Yayar mijina ce ta saki igiyar da take ɗauri. Ta tako har gabana ta tsaya. Ta ce, "Ba da yara kike ba. Da ni kike."

Na sunkuyar da kai.

"Ɗago. Ina tsagar take?"

Nan labari ya ƙare mini. Ba sauran tukunya, ba sauran mai gini. Na faɗa, a gaban surukata da maƙwabta da baƙin da suka zo daga Malumfashi. Na faɗi hayaƙin, na faɗi ramin wuyan, na faɗi kukan tsakon da leɓen da ke duhu. Na ce ba ta kuka in abin ya zo, sai an kalle ta, kuma ni nake kallonta, tun ranar da aka haife ta nake kallonta ta gefen ido. Na ji wata ta ce, "Subhanallahi, 'yar fari!" Na ji wata ta tafa hannu.

Yayar mijina ta juya ga ɗakin mamaciyar. Da ta yi magana, ba da ni ta yi ba, da ƙofar ɗakin da ba kowa ta yi. Ta ce, "Tsohuwar nan! Shekara da shekaru tana cusa mini tukunya, ni ina cewa tsufa ne. Me ya hana ta buɗe baki? Da na kai ta rumfar nan fa? Da a bayana za ta..." Ba ta ƙarasa ba. Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

Daga bayan zana surukina ya yi gyaran murya. Ya ce, "A bar yarinyar." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Washegari ta bi fatake ita kaɗai. A zaure ta miƙo mini ɗan zanen saƙi da ta sa aka saƙa wa yarinyar, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ki ajiye mata. In ƙirjin ya yi ƙwari ina nan. Alkawarin Baba bai mutu ba." Na ce to. Gaskiyarta ce, kuma ita ma an cuce ta.

Abin da Kaka ta ji tsoro ya faru. Kafin la'asar an ce iska ce. Har an fara kawo mini sunan wanzamai, ina cewa Allah Ya saka. Surukata da ƙyar take amsa gaisuwata. Uwata ta aiko daga Tsiga wai na tsinka ta a idon duniya. Matan da suka ce tsohuwa ta ruɗe yanzu cewa suke ruɗewar ce ta bar mini gado. Ba wadda ta dawo ta ce, ashe ba mantuwa take ba. Ba wadda ta ce, ashe da mu take. Sun ci gumbarta, sun ci wainarta, sun tafi da labarin wata tsohuwa mai ban dariya, kuma shi za su ba jikokinsu in ba a tare su ba.

Shi ya sa na ce sai na faɗi nawa. A sani an yi wata mace a gidan nan da ta ɗauki yara da matan jikoki a matsayin masu hankalin da za a tambaya. A sani allurarta ba ta taɓa ɓata ba. A sani kuma tana da taurin kai, ta bar ni a tsakiyar labari da yarinya a hannu.

Allah, Kai ne Ka san abin da ke da asali da abin da ba shi da shi. Ka auna mata zancenta da abin da ya tsare, ba da abin da aka ce a ƙofar gida ba. Ka yalwata mata makwanci, Ka sanyaya shi kamar gindin tsamiyarta, Ka haɗa ta da mutanen farkon da take kuka in an karanta labarinsu. Mu da muka saura, Ka sa mu cika da imani.

Yarinyar tana nan. Yanzu haka tana kan cinyata a tsakar gida, rana tsaka, kowa na gani, tana wasa da mazarin da zarensa bai tsinke ba. Numfashinta lafiya yau.

Kaka, kin tambaye ni ya zan yi. Ga abin da na yi. Ke da ba ki yar da amsar kowa, tawa ce kaɗai ba ki tsaya kin ji ba.